Manifol Mai Ƙyalli

Wani ne, Allah ya jarabce shi da son gyara abin da bai lalace ba. A layinsu Injiniya ake ce masa. Ba wai ya taɓa leƙa ajin koyon injiniya ba ne. Wata rana ce ya kwance fankar falonsu zai ƙara mata gudu, to tun daga ranar ta koma wurin rataye hula. Mutane suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. In ka ce Injiniya, sai ya yi gyaran murya kafin ya amsa.

Mota ɗaya ce a gidan, ita ma ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, ma'aikaciyar jinya. Wata 'yar ƙaramar farar mota ce mai sanyin hali, ba ta gudu, ba ta ƙara, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Da safe shi ke kai matar asibiti, sannan ya wuce da motar wurin aikinsa. Zai ɗora gwiwar hannu a taga, ya ɗan karkace, yadda duk wanda ya gan shi zai rantse shi ya saya. In ya sauka kuwa ba ya sa makullin a aljihu. A yatsa yake kaɗa shi, har banɗaki. Kaf duniya ba shi da abin taƙamar da ya wuce makullin nan.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, wato maƙwabcinsu. Wani dattijo ne mai kantin magani a bakin babban shataletalen garin, yana da shuɗiyar mota. Kusan kullum tare suke tsayawa a danja. Da wuta ta yi kore sai shuɗiyar ta sulale ta yi gaba, dattijon ya ɗaga musu hannu.

"Kin gani ko?" in ji gogan naka. "Ya sake."

"Ya sake me?"

"Ɗaga mini hannu."

"Gaishe ka ya yi, Baban yara."

"Gaisuwa? Ke ba ki san yaren titi ba. Cewa yake, sai ka taho."

"To ai bai yi ƙarya ba, muna tahowa."

Ana nan, rannan injin farar motar ya buga. Abin ya zo daidai da lokacin da za a yi wa mahaifiyar matar aikin ido a wani gari, dole ta ɗauki hutu ta je jinya. Ranar tafiya ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta ɗaga makullin sama kamar mai shirin yi wa mutum allura.

"Saurare ni da kyau. Irin injin da ke ciki za a sa. Irinsa. Ba yayansa ba, ba ƙanensa ba, ba ɗan baffansa ba."

"Haba Maman yara, ni za ki koya wa inji?"

"Ba ni ba ce, fanka ce ta ce in gaya maka."

Ya yi kamar bai ji ba, ya miƙa hannu. Ta janye.

"Ranar da za mu dawo da Inna, kai za ka ɗauke mu a tasha. In na tarar ka yi wa motata abin da ka yi wa fanka, wallahi ka gama riƙe makullin nan. Ka koma bin bas, kana rataye a ƙofa kana kaɗa yatsa babu komai."

Ya dafa ƙirji, ya ce ta tafi hankali kwance. Ko kwanar layin ba ta sha ba ya sa aka ja motar zuwa garejin Zai-Shiga.

Shi Zai-Shiga bakanike ne, a bakinsa ya samo sunan. Tun da ya fara aiki bai taɓa ganin ƙarfen da ba zai shiga ba. In abu ya ƙi sifana, akwai guduma. In ya ƙi guduma, akwai babbar guduma. Ranar da su biyun nan suka haɗa kai a kan mota ɗaya, sai dai a yi wa motar addu'a.

A lungun garejin, bayan tarin tsofaffin tayoyi, akwai wani inji a lulluɓe da buhu. Injiniya ya ɗaga buhun da bakin takalmi.

"Wannan fa?"

"A'a Yallaɓai, rufe shi. Wannan ba na kowa da kowa ba ne. Daga wata mota aka ciro shi, ta yi gardama da tirela. Motar ta rasu, shi ko ƙwarzane bai yi ba."

"Mene ne wannan mai kama da katantanwa?"

"Ita ce turbo. Hayaƙin da inji ke zubarwa a banza, shi ke juya ta, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska kamar ana hura wuta. Motar da ke tafiya sai ta koma tashi."

Injiniya ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya.

"Zai wuce shuɗiyar mota?"

"Wace iri ce?"

"Shuɗiya dai."

"Yallaɓai, zai wuce kowace kala."

"Amma ka ga motar ƙarama ce. Zai shiga?"

Bakaniken ya dube shi kamar an zage shi. "Da wa kake magana?"

Nan take maganar yaya da ƙane da ɗan baffa ta fice daga kan gogan naka. Shi dai abin da yake hangowa shi ne danja, da shuɗiyar mota tana ƙanƙancewa a madubi, da hannunsa a waje yana ɗagawa.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Zai-Shiga. "Manifol ɗinsa ya fashe a hatsarin."

"Ai tun ɗazu na lura," in ji Injiniya, yana kallon wurin zuba mai.

Bakaniken ya kama kafaɗarsa ya juya shi. "Nan. Ka ga ramukan nan huɗu a gefen injin? Ta nan hayaƙi ke fita. Manifol shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a kansu, ya tattaro hayaƙin ya haɗe shi a baki ɗaya. A kan bakin nan turbo ke zama. Na kamfani ba a samu, sai na kasuwa. Ga tsohon gaskit ɗinsa, shimfiɗar da ake sawa tsakaninsa da inji, ka je da shi ka gwada ramukan. Duk wanda ka kawo, zai shiga."

Kafin ya je kasuwa sai da ya kwana biyu yana kallon bidiyon masu tseren mota a waya. Rabin abin da suke faɗa bai ji ba, ɗaya rabin kuma bai gane ba, amma ya lura da abu ɗaya muhimmi: duk wanda ya buɗe bonet, ƙarfe na ƙyalli a ciki, sai abokansa su dafe kai su yi ihu. Wannan ilimin ya ɗauka ya nufi kasuwar kayan mota.

Kantin da ya shiga wani siririn rami ne mai warin baƙin mai. Salansa na rataye daga rufi, in ba ka sunkuya ba su gaishe ka a goshi. Mai kantin yana zaune a kan wata kujerar mota da aka ciro, tsinke a baki. Injiniya ya ajiye gaskit a kan kanta kamar mai nuna katin aiki.

"Manifol nake so. Na turbo. Ni injiniya ne, saboda haka kada a tsaya ɓata mini lokaci."

"Ai da ganin tafiyarka," in ji mai kantin.

Ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kanta, ya dire shi tim. Gajere ne, baƙi ƙirin, mai kauri, kai ka ce guntun icce ne wuta ta ci ta bari.

"Wannan na zubi ne. Turbo a ƙasa yake zama, kusa da jikin inji, a ɓoye. Ba ya neman wuri, ba ya tsagewa. Ka ɗaura ka manta da shi har jikokinka."

"A ɓoye?"

"A ɓoye."

"To in a ɓoye yake, wa zai san na sa?"

Mai kantin ya cire tsinken daga baki. Ya ƙare wa mutumin kallo tun daga hula har takalmi, irin kallon da mutum ke yi wa addu'arsa in ta shigo da ƙafafunta. Sai ya taka kujera, ya miƙa hannu can saman kanta, ya sauko da wani ƙunshi da ƙura ta yi wa bargo. Ya hure. Ya warware ledar a hankali.

Kantin ya haske.

Bututu huɗu ne na farin ƙarfe, sun lanƙwashe, sun nannaɗe juna kamar macizai na kokawa, sannan suka miƙe sama suka haɗu a baki ɗaya. Injiniya ya leƙa. Ya ga fuskarsa har huɗu, kowacce ta fi 'yar'uwarta kama da injiniya.

"Ka ga bututun nan?" in ji mai kantin. "Tsawonsu ɗaya. Don kada hayaƙin wani rami ya riga na wani isa. Adalci ke nan."

"Adalci," in ji Injiniya.

"Turbo kuma a sama yake zama, kamar hula. Ko makaho ya zo wucewa sai ya tambaya."

Gogan ya ɗora gaskit a kan ramukan. Suka zauna cif. Ya ji kamar ya rungume mai kantin.

"Sai dai zan gaya maka gaskiya, don ni ba na cin haram. An yi shi ne don motocin ƙasashen da sitiyarinsu ke ɗaya hannun. Shi ya sa ya ɗan jima a sama."

Injiniya ya ɗago kai. "To?"

"To me? Kai da kake injiniya, hayaƙi ya san dama da hagu ne?"

Ya fashe da dariya har da buga kanta. "Wallahi abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni!"

"Na sani. Amma fa in ya fita ƙofar nan ya zama ɗan gidanku. Ba ya dawowa."

"Dawowa? Malam, ko kai ka biyo ni da kuka ba zan ba ka ba."

A rungume ya fito da shi. A cikin tasi wata mata ta tambaye shi ko abin busa ne, ya ce mata ba kowa ne zai gane ba.

Aka sa injin. An sha guduma, amma ya shiga. Aka ɗaura manifol, kowane noti ya zauna a gidansa, aka ɗora turbo a kai. Su biyun suka ja da baya suna kallo kamar iyayen da aka miƙo wa jariri.

"Na gaya maka," in ji Zai-Shiga. Ya saki bonet.

Gwaram!

Bonet ya sauka a kan turbo ya tsaya nan, baki buɗe, da ratar da kaza za ta shige ba ta sunkuya ba. Bakaniken ya ɗaga ya sake saki. Gwaram. Ya hau kai ya zauna. Bonet ya lotsa, amma bai rufu ba.

"Manifol dai ya shiga," in ji shi. "Bonet ne bai shiga ba."

"To sai a yi yaya?"

"Hanya biyu ce. Ko a nemo wancan baƙin na zubi..."

"A nemo wa? Saboda bonet? Bonet ɗin me ya taɓa tsinana wa mutane? Faɗi ta biyun."

Ta biyun ita ce injin yankan ƙarfe. Ana cikin yanka, tartsatsi na tashi, waya ta yi ƙara. Matar ce. Injiniya ya ruga bayan wata matacciyar bas ya toshe kunne ɗaya.

"An sa injin?"

"An sa. Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Irinsa aka sa?"

"Danginsu ɗaya."

"Baban yara, na ce ba ɗan baffansa ba. Ƙarar mene ne nake ji haka?"

"Ana ɗan daidaita bonet ne. Ki gaida Inna, layin ba kyau."

Da ya dawo, turbo ya leƙo ta tsakiyar bonet kamar kan kunkuru. Ya ce kai, ashe ma haka ya fi kyau.

Daga nan aka gano batir ya yi wa manifol kusa, zafi zai narkar da shi. Aka mayar da batir cikin but, aka ja masa waya ta ƙarƙashin kujeru. Aka ga bututun esi ya tsaya a hanya. Aka cire esin gaba ɗaya, Zai-Shiga ya ce mota mai gudu ai iska ce esinta. Robar ruwan wanke gilashi ma aka ce ta tafi hutu. Duk abin da ya haɗa hanya da manifol, shi ke matsawa. Kayan farar motar suka taru a gefe har suka kusa isa a haɗa wata motar.

Sai aka zo kan sandar sitiyari, wadda ke saukowa daga hannun direba zuwa tayoyin gaba. Ɗaya daga cikin bututun nan huɗu ya kwanta a kanta male-male, daidai gwiwarta, inda wani ƙaton noti yake. A ƙasar da aka yi manifol ɗin, babu komai a wurin sai iska. A nan kuwa sitiyari ne.

Zai-Shiga ya sosa kai. "Wannan na masu sitiyari a ɗaya hannun ne ko?"

"Hayaƙi ya san dama da hagu ne?" in ji Injiniya.

Bakaniken ya juya maganar a ransa. "Kai Yallaɓai, karatu daɗi. Miƙo mini babbar gudumar."

Injiniya ya juya baya, ya rufe ido. Ba zai iya kallo ba. Kowane duka a ƙirjinsa yake sauka. Da aka gama, bututun ya lotsa, an samu 'yar rata tsakaninsa da notin. Zai-Shiga ya yagi kwalin gaskit ya zura a ratar. Ya wuce da ƙyar.

"Kwali ya wuce, sitiyari zai wuce."

Aka murza dama, ya tafi. Aka murza hagu, ya tafi. Injin a kashe, ƙarfe sanyi ƙalau. Babu wanda ya tuna cewa ƙarfe in ya ji wuta kumbura yake yi, su biyun suna can suna tafawa.

"Abu ɗaya," in ji Zai-Shiga da zai ba shi makulli. "Wayar batir ta ɗan yi tsawo. In motar ta yi zafi kada ka kashe ta, tashinta sai da turi."

"Wa zai kashe wannan?" in ji Injiniya.

Ranar dawowa ya sa baƙin tabarau, ya fita tun da hantsi. Bai nufi tasha ba, sai da ya zaga gari. A kowace danja sai ya taka totur, motar ta yi gurnani, turbo ya yi fito, masu babur su dare. Yana ta raba ido ko zai hango shuɗiyar mota, bai gan ta ba. Ya ce ai dole, labari ya iske dattijon.

A tasha bas ɗin ta yi latti. Ya bar injin a kunne, ya jingina da ƙofa yana jira. Ta ramin bonet ya ga manifol ya tashi daga fari ya koma ruwan zinare, daga nan ya fara shuɗi-shuɗi. Ya ce ikon Allah, ashe har kala yake canjawa, mai kantin ma bai san abin da ya sayar ba.

Can sai ga matar ta fito, jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da Inna, wadda ke sanye da ƙaton baƙin gilashin da asibiti suka ba ta. Suka zo suka wuce shi.

"Maman yara! Ga mu nan!"

Ta juyo. Ta dube shi. Ta dubi motar. Ta sake duban layin motocin da ke gefe.

"Ina motata?"

"Ga ta kuwa."

"Mene ne wannan ya leƙo?"

"Numfashi take yi."

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata ya jiki, ya yi wuf ya karɓi jakar. Matar ta riga shi buɗe but. Batir na zaune a tsakiya, an ɗaure shi da igiyar shanya. Ta dubi igiyar. Tata ce.

Ta rufe but ɗin a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Kai mu gida. Ba zan yi magana a gaban Inna ba."

Inna ta zauna a baya da jaka a cinya, matar a gaba. Ba su yi nisa ba zafi ya fara tasowa ta ƙarƙashin ƙafa.

"Ɗan nan," in ji Inna, "a kunna mana sanyin mana. Ko gasa mu za a yi?"

"Yanzu iska za ta shigo, Inna. Sabon tsari ne."

Yana tuƙi yana lissafi. Ya san makullin na lilo a bakin rijiya. Abu ɗaya ne zai cece shi: matar ta ji ƙarfin injin nan da jikinta, ta ga an wuce shuɗiyar mota a gaban idonta. Daga nan ai ita da kanta za ta ce a yanka ɗaya gefen bonet ɗin ma.

Suna dosar babban shataletale sai ya hango ta. Shuɗiyar mota, a ƙofar kantin magani.

"Ku riƙe da kyau," in ji shi.

Ya taka. Turbo ya yi fito, kan Inna ya koma baya, motar ta faɗa shataletale kamar an harbo ta. Ya murza sitiyari hagu don ya bi zagayen. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin bonet. Notin ya tsallake bututun da ya kumbura, ya faɗa bayansa.

Hanyar gidansu ta taho. Ya ja sitiyari dama.

Sitiyari ya ce bai san zancen ba.

Ya sake ja, da hannu biyu. Ko motsi. Hanyar gida ta zo ta wuce ta taga kamar ba ta san su ba.

"Ka wuce hanya," in ji matar.

"Na sani. Ina so Inna ta ga gari."

Suka zagayo. Ga kantin magani, ga shuɗiyar mota. Fiu, suka wuce ta.

"Kin gani? Kin ga yadda na wuce shi?"

"A ajiye take, Baban yara. Babu kowa a ciki."

"Ko da yana ciki."

Hanyar gida ta sake tahowa. Ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, yana murmushi don kada a gane. Ta sake wucewa.

Inna ta ɗaga gilashinta ta leƙa taga, ta mayar. Da suka kuma zagayowa ta sake ɗagawa.

"'Yar nan, likitan nan bai gyara mini ido ba."

"Me kika gani, Inna?"

"Da ɗaya-ɗaya nake ganin abu, dishi-dishi. Yanzu tar nake gani, amma kantin magani ɗaya ya zama barkatai. Ko duk garin naku ciwo ake yi?"

"Idonki lafiya lau, Inna," in ji matar, tana kallon mijin. "Wani wurin ne ba lafiya. Baban yara, sitiyarin nan yana juyawa?"

"Yana juyawa mana. Ba ga shi muna juyawa ba?"

"Tsaya."

"In na tsaya za ta mutu a tsakiyar titi. Zafi ne kawai ya ɗan yi yawa. Bari in ƙara gudu, iska ta shiga ta ramin nan ta sanyaya shi. Dama don haka aka yi ramin."

Ya ƙara wuta. Manifol ya ƙara ja. Sitiyari ya ƙara ƙanƙamewa. Jakar da ke cinyar Inna ta zame ta manne da ƙofa, Inna ta bi ta.

A tsakiyar shataletalen akwai ɗan sanda mai ba da hannu. Da farko ya ƙame, ya ɗauka wani babba ne ke gwada sabuwar mota. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya matso bakin titi. Magana ba ta yiwuwa a zagaye ɗaya, sai a gutsure.

"Malam, lafi..."

Fiu.

"...ya kuwa? Ina za..."

Fiu.

"...ka je?"

"Gida!" in ji Injiniya.

Fiu.

"To ka tafi mana!"

Motoci suka tsaya cirko-cirko a kowace mashiga, ana ta danna ham. Masu shaguna suka fito. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka, wasu suka fara tafi duk lokacin da farar motar ta zo wucewa. Dattijon mai kantin magani ma ya fito da farar rigarsa ta aiki, ya gane motar, ya shiga ɗaga hannu biyu.

"Kin gan shi!" in ji Injiniya, gumi na zuba ta ƙarƙashin tabarau. "Da hannu ɗaya yake ɗagawa. Yau biyu! Ya sallama!"

Matar ta naɗe hannu tana kallon allurar mai. Ita ta san abin da ta bari a tanki, ta kuma ga yadda sabon injin ke zuƙa kamar ya shekara bai sha ba. Allurar ta kwanta. Motar ta yi tari. Ta sake tari. Turbo ya yi wani siririn fito na ban kwana, suka gangara a hankali, suka tsaya a jikin da'irar, daidai inda suka shigo, suna fuskantar kantin magani.

Tsit. Ba ka jin komai sai manifol yana ƙis, ƙis, ƙis, yana hucewa.

Babu wanda ya motsa. Ɗan sandan ya iso yana haki, ya leƙa ramin bonet, ya leƙa direba, ya rasa ta inda zai fara. Ana cikin haka sitiyari ya ce ƙas, ya saki don kansa. Injiniya ya murza shi dama, ya murza hagu, fuska ta washe.

"Kin gani? Ya dawo! Na gaya miki zafi ne kawai. In aka ɗan ƙara masa guduma..."

Ta miƙa tafin hannu.

"Maman yara, ki bari mu je gida mu..."

Hannun bai motsa ba. Ya zare makullin. Ya ɗan kaɗa shi a yatsa, na ƙarshe, ya ajiye mata. Ta jefa a jakar hannunta ta ja zif.

Dattijon ya tsallako titi. "Injiniya, sannu da ƙoƙari. Tun ɗazu nake ɗaga maka hannu ka tsaya. Hajiya, ku zo in kai ku gida, Inna ta huta."

Aka kama Inna aka tsallaka da ita, tana tafe tana tangaɗi. Aka sa ta a bayan shuɗiyar mota, matar ta zauna kusa da ita ta kawar da kai. Gogan naka ya ga in ya bari suka tafi haka, ba shi da sauran mai tsaya masa. Ya ruga ya dafa tagar, ya rusuna.

"Inna, ke babba ce, ki faɗi tsakaninki da Allah. Ai dai kin ji gudu ko?"

Inna ta ɗaga baƙin gilashin, ta dube shi da sabon idonta.

"Gudu kam akwai, ɗan nan. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya kai ni inda nake da sauri irin haka ba."